Amana da Suna a Harkar Fatauci: Daga Gwanja Zuwa Wayar Hannu

A wannan yanki na Nassarawa ne Turawa suka kafa mazauninsu bayan cin Kano a 1903, daga bisani bankuna suka biyo baya da tasu al'ada ta bashi, watau takarda da sa hannu da jingina. Amma tun kafin wannan Bahaushe yana ba da dukiyarsa ga wanda zai yi wata da watanni bai gan shi ba. To, me ya dogara da shi?

Sau da yawa akan amsa da cewa mutanen da sun fi na yanzu tsoron Allah. Wannan amsa tana da daɗin ji, amma ba ta wadatar ba, domin ba a taɓa yin zamanin da babu macuta ba. Abin da ya riƙe fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja tsari ne, ginshiƙinsa kuwa shi ne maigida, wato fatoma. Shi ke saukar da falke, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, sa'an nan ya tsaya masa idan an sayar bashi. Jarinsa na haƙiƙa sunansa ne. Ranar da ya bari aka ci kuɗin baƙonsa, ayari mai komawa gida zai yaɗa labarin zango zango, baɗi kuwa sai ya ga ƙofarsa wayam.

Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a littafinsa na 1969 kan Sabon Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916. A can ana sayar wa mahauta Yarbawa shanun Arewa bashi, ba tare da wata rubutacciyar yarjejeniya ba. Masu gida da dillalansu sun san ƙarfin kowane mahauci da yawan bashin da ke kansa. Wanda ya ƙi biya, ba sai an kai shi gaban alƙali ba. Hana shi shanu ake yi har ya sauke nauyin. Abin lura shi ne, hukuncin yana ci ne saboda mutum ba shi da wata kasuwa da zai gudu ya sake suna.

Nan ne cinikin intanet ya sha bamban. Kamfanin eBay, wanda aka kafa a Amurka a 1995, ya ɓullo da hanyar da mai saye da mai sayarwa za su riƙa ba wa juna shaida bayan ciniki, kowa yana gani. Dabara ce mai kyau, sai dai shaidar baƙo ce a kan baƙo, kuma mai ba da ita ba ya asarar ko anini idan ta zama ƙarya. Fatoma kuwa da aljihunsa yake shaida. Har ila yau, wanda sunansa ya ɓaci a Facebook yana iya rufe shafin da dare, gari na wayewa ya buɗe sabo.

Shi ya sa ɗan kasuwar Kantin Kwari, ko da ya kammala ciniki ta WhatsApp da mutumin Maraɗi, ba ya ɗora dilar atamfa a mota bashi sai ya tambaya, "Wa ya san shi?" Idan aka ambaci wani dattijo a layinsu, sai ya tashi ya taka har rumfarsa ya ji daga bakinsa.