Fami a Bakin Aiki: Wa Ke Da Hakkin Diyya?



Bahaushe ya bambanta rauni da fami. Rauni sabo ne a jiki lafiyayye. Fami kuwa, watau a taɓa tsohon ciwo wanda ya fara warkewa ko ya kwanta, a tashe shi. Wannan lacca a kan fami take, amma irin wanda ake yi a bakin aiki. Alal misali, lebura mai tsohon ciwon baya yana dakon buhunan siminti a Kalambaina, ya sunkuya ya ɗaga buhu, bayan ya riƙe, bai sake miƙewa sosai ba. Mai aiki zai ce da ma da ciwonsa ya zo. Leburan zai ce shekara da shekaru yana dako da wannan bayan. Kowannensu ya faɗi gaskiya.

Dokar diyyar ma'aikata ta shigo Nijeriya a 1941, an sake ta a 1987, sa'an nan aka maye gurbinta da ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Masu ɗaukar ma'aikata na zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin wata a asusu, daga ciki ake biyan wanda ya ji ciwo, ba tare da sai an kama wani da laifi ba. Tushen dokar daga Ingila yake, kuma can an yanke wannan gardama. A 1910 kotun ƙoli ta ƙasar ta duba shari'ar wani ma'aikaci mai suna Hughes, wanda babbar jijiyar jininsa ta riga ta kumbura ƙwarai. Yana ɗaure noti da sifana sai jijiyar ta fashe, ya mutu. Aka hukunta a biya iyalinsa, domin aikin ya taimaka wajen mutuwar, ko da yake yunƙurin da ya yi ba zai yi wa lafiyayye kome ba.

Ke nan tsohon ciwo ba ya hana diyya. Sai dai sashe na 7 na dokar 2010 ya gindaya iyaka: idan sabon rauni ya hau kan nakasar da ke akwai, abin da za a biya shi ne rabon da za a iya jingina wa sabon raunin. Ma'auni kuwa, in ba a nuna wani abu dabam ba, shi ne bambanci tsakanin nakasar mutum kafin hatsarin da bayansa.

Mutumin Sakkwato da ya yi karatun zaure ya san wannan mas'ala tun kafin zuwan Turawa. A babin diyya na littafin Risala, ido ɗaya na mai ido biyu rabin diyya ne, amma idon mai ido ɗaya cikakkiyar diyya ce. Malaman Malikiyya sun dubi amfanin gaɓa, domin wannan idon shi kaɗai ke ɗauke da ganin mutum duka. Haƙiƙa diyyar fiƙihu tana kan wanda ya yi raunin, ta ma'aikata kuwa asusu ke biya, saboda haka ba a gwama su kai tsaye. Amma a ɗauki mai walda da ido ɗaya, tartsatsi ya tsiyaye masa ɗayan. Dokar 2010 za ta cire nakasar farko daga makantar, ta biya saura. Jiya yana cin abinci da sana'arsa kamar kowa, yau ba ya iya kome a cikinta. A nan ma'aunin malamai ya fi kusa da asarar da mutumin ya yi, kuma ƙofar da doka ta bari, ta a nuna wani abu dabam, ita ya kamata lauyansa ya bi.

Wahala mafi yawa ta shaida ce. Ba a auna bambanci sai an san yadda jiki yake tun farko. Ma'aikacin gwamnati likita kan duba shi kafin a ɗauke shi, takardar tana cikin fayil. Leburan rana ba shi da ko kati. Wani ma ɓoye ciwonsa yake yi don kada a hana shi aiki, alhali katin asibitin da ke nuna ciwon na da sauƙi bara, shi ne zai tsaya masa bana. Bugu da ƙari, akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a tafi wurin mai ɗori, a yi shiru. Doka kuwa ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da mai aiki, shi kuma mai aiki kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma, kuma a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana da damar neman a sake dubawa, daga nan ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.