Reshen da Aka Sare a Gona: Murhu Ne Makomarsa ko Taki?



Gabatarwa

A Ingila, masu sana'ar gyaran bishiya na muhawara kan rassan da suka sare: a niƙe su da inji a shimfiɗa a gindin shuka, ko a faskara a sayar? Tun watan Mayun 2021 dokar ƙasar ta taƙaita sayar wa gidaje ɗanyen itace saboda hayaƙinsa, abin da ya sa niƙawar ta fi wa wasu sauƙi. Wannan takarda za ta auna tambayar da ma'aunin gonakin Ɗambatta, Bichi, Minjibir, Makoɗa da Gezawa, inda gona ke manne da gona, babu saura babu daji.

Bishiya a gonar Bakano

A wannan yanki kowace bishiya da mai ita. Gawo, ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya da darbejiya dukiya ce da ake gado, ana ma iya sayar da ita ba tare da gonar ba. A 1990 Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga binciken Michael Mortimore da Reginald Cline-Cole da abokan aikinsu kan itacen girki a Kano. Sun gano cewa duk da yawan jama'a, bishiyoyin gonakin da ke kewaye da birni ba su ragu ba, kuma mafi yawan itacen da birni ke ƙonawa manyan motoci ke kawo shi daga dazuzzuka masu nisa. Dalilin rashin raguwar bishiyoyin shi ne manomi reshe yake sara, ba ya kada uwa.

Hujjar masu son niƙawa

Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, kuma shekara da shekaru ake noma ta ba hutu. Niƙaƙƙen itace in aka shimfiɗa shi yana kare ta daga rana da iska, yana riƙe laima, gara ta ci ta mayar da shi ƙasa. Wannan gaskiya ce. Sai dai itace ba ya ruɓewa da wuri, kuma in aka yi huɗa aka binne shi, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi kan janye sinadarin naitirojin da gero da dawa ke buƙata, shuka ta yi ɗorawa-ɗorawa. Ga tsadar inji, ga fetur da ya yi tashin gwauron zabi tun janye tallafi a watan Mayun 2023.

Hujjar murhu

Uwargidan da ke ƙauye ba ta da gas, kalanzir kuwa ya fi ƙarfinta. In aka hana ta itace, karan dawa da kashin shanu za ta ƙona. Karan nan shi ne abincin dabba da shingen gida, kashin kuwa shi ne takin da ake kaiwa gona a mangala. Ke nan niƙe itacen girki domin gyara ƙasa zai kwashe wa ƙasar abin da ya fi shi amfani. Ban da haka, damin itace kuɗi ne a hannun magidanci lokacin bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa.

Matsayar wannan takarda

Reshe ba abu ɗaya ba ne, don haka bai kamata a yanke masa hukunci ɗaya ba. Ganye da 'ya'ya, musamman na gawo, na awaki da tumaki ne, su dawo gona a matsayin taki. Ƙirare a bar su a gona ko a zuba a turke su ruɓe. Mai kauri kuwa a faskara, a busar sosai, a kai murhu ko kasuwa, toka ta koma gona tare da shara. Wannan tsari ba baƙo ba ne. Shi ne ruhin sassabin zamani, wato rainon tsiron da ya fito da kansa a gona, wanda ya bazu daga Maraɗi tun 1983 ta hannun Tony Rinaudo da manoman yankin, har ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Shawarwari

Na farko, malaman gona su koyar da sara mai tsabta, a karkace, ba tare da yi wa bishiya ƙwal-kwabo ba. Na biyu, dagatai da masu unguwanni su tsawatar kan kada bishiya mai rai domin gawayi, don nan ne ɓarnar take. Na uku, kuɗin da za a kashe wajen sayen injin niƙa a karkata shi ga murhu mai tsimin itace da rainon tsiron da ya fito da kansa a gona.

Ina kira ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su tsaya wa manomin da ke rainon bishiya, su tabbatar masa cewa reshen da ya raina nasa ne. Wanda ya san zai ci moriyar bishiya shi ne zai kare ta.