Labarin Ƙaramin Jirgin Kuza Na Zariya Zuwa Bukuru

Jirgin nan da Turawa suka laƙaba wa sunan Bauci bai taɓa taka garin Bauci ba. Dalilin sunan shi ne, a zamanin nan duwatsun Jos suna cikin Lardin Bauci, sai a 1926 aka yanke su aka yi Lardin Filato.

Kuza ita ta jawo shi. Da fari 'yan alaro da jakuna ke ɗaukarta daga wuraren haƙa har Loko, bakin Binuwai, tafiyar kwana da kwanaki, kāna a zuba ta a jirgin ruwa. Kuɗin dako yana cinye riba, kamfanoni suka dami Gwamnati da kuka. Da hanyar Baro ta isa Kano a 1911, sai aka tsiri reshe daga Zariya. Don tsimin kuɗi aka yi shi siriri, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, alhali babbar hanya ƙafa 3 ce da inci 6. Har ƙarafan tsohon jirgin Wushishi na 1901 aka tumɓuko aka shimfiɗa. Ya kai Rahama a 1912, ya bi ta Jengre ya hau tudu zuwa Jos, ya tsaya Bukuru a 1914, mil 143.

To, su wa suka yi aikin? Talakawa ne, kuma ta hannun En'e aka samo su. Razdan ya faɗa wa Sarki adadin da ake bukata, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya ɗora wa dagatai, dagaci kuwa ya shiga gida gida. Ana biyansu lada, gaskiya ne, amma ba a tambayi mutum ko yana so ba, ko da gonarsa na jiransa. Su suka sare daji, suka fasa dutse, suka ɗebi ƙasa a kai kwando kwando. Wanda ya gaji kujerun masu rabon nan ya kamata ya san wannan.

Tsimin nan kuwa ya zame masa alaƙaƙai. Tun da faɗin hanyoyin bai zo ɗaya ba, kowane buhun kuza sai an sauke shi a Zariya an sāke loda shi a babban tarago. A 1927 babbar hanya ta iso Jos ta Kafancan, kuza ta juya ta nufi Fatakwal kai tsaye, gawayin Inugu kuma ya riƙa hawowa. Ƙaramin jirgi ya koma jigilar fasinja da amfanin gona, mutanen Soba da Dutsen Wai da Kudaru suna ta morarsa shekara 30, har motoci suka ƙwace masa ciniki. Aka rufe shi a ƙarshen Satumba 1957. Abin da ya rage na kawunansa da taragunsa aka ajiye a gidan kayan tarihi na Jos.