Babur Ya Faɗi, Kai Ya Karkace: Ina Mafita?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan acaɓa a Funtuwa. Ya ce babur ɗinsa ya zame a yashi yana tafiya a hankali, tun ranar kuma kan babur na kallon gabas, taya na kallon wani wuri. Shin ƙarfe ne ya lanƙwashe?

To malam, galibi ba lanƙwasa ba ce. Ƙafafun gaba biyu, wato shokozoba, su ne suka murɗe cikin ƙarafan da ke riƙe da su sama da ƙasa. Ga yadda za ka gane. Kafa babur a kan siminti, ka samu gilashi shafaffe ka kara shi a jikin ƙafafun biyu, wajen ƙarfen nan mai ƙyalli. In gilashin na rawa, akwai murɗiya.

Sai ka sassauta notin tsakiyar taya, da na marfin taya, da na mariƙin ƙasa, amma kada ka taɓa na sama. Kama birkin gaba, ka danna kan babur da ƙarfi sau 5 ko 6, ƙafafun za su koma mazauninsu. Daga nan ka ɗaure, daga sama zuwa ƙasa.

Amma fa in gilashi bai daina rawa ba, ko shokozoba na cijewa, to ƙarfen ya lanƙwashe. Kada ka yarda a gasa shi a miƙe, a sa sabo. Ran fasinja na hannunka. Allah Ya kiyaye hanya.