KUƊIN KAKA DA SAYEN BA-SHIRI



Maganar da na zo da ita yau ta shafi aljihun kowa. Kaka ta yi, an girbe gero da dawa, an rori wake, an cire gyaɗa. Magidanci ya ɗora buhuna a amalanke ya kai kasuwa, kuɗi sun shigo hannu. Amma kafin ruwan farko ya sauka, sai ka tarar da shi yana neman rancen kuɗin taki, ko yana awon hatsi da tsada, hatsin da shi da kansa ya sayar da araha watanni kaɗan da suka wuce. In ka tambaye shi ina kuɗin, sai ya ce wallahi shi ma bai sani ba.

Gaskiya ne tsadar rayuwa da rashin lafiya da hidimar iyali suna cin kaso mai yawa. Waɗannan ba mu da iko a kansu sosai. Amma akwai wata ƙofa da kuɗi ke zurarewa ta cikinta, wadda rufe ta yana hannunmu. Ita ce sayen ba-shiri, wato mutum ya sayi abin da bai fito gida da niyyar saya ba, don kawai ya gani ransa ya biya.

Kada mu raina ta. A misali, in mutum yana kashe N2,000 a kan irin wannan saye kowace ranar kasuwa, makonni 52 ne a shekara, wato N104,000 ke nan. Kowa ya lissafa abin da wannan kuɗi zai yi masa a gona.

Iri huɗu ne

Masana harkar ciniki sun daɗe suna nazarin wannan hali. A shekarar 1962 wani masani a Amurka mai suna Hawkins Stern ya kasa shi gida huɗu. Na farko shi ne saye na sha'awa zalla: ka je sayar da akuya, ka ga agogo yana ƙyalli, ka saya. Na biyu saye na tuni: ka ga gishiri, ka tuna na gida ya ƙare. Na uku saye na shawara: ka ga wani sabon abu da ba ka taɓa sani ba, mai kaya ya nuna maka amfaninsa, ka ji kamar dama kana bukata. Na huɗu shi ne mutum ya fito da niyyar duk abin da ya tarar da araha zai ɗauka.

Kun ga ke nan ba duka ne ɓarna ba. Wanda ya tuna da gishiri ya kyauta wa uwargida. Na farko da na uku su ne suka fi cin kuɗin kaka, kuma a kansu zan tsaya.

Abin da ke cikin zuciya

A 1987 wani malamin jami'a mai suna Dennis Rook ya tambayi mutane yadda suke ji a lokacin irin wannan saye. Abin da ya gano shi ne, sha'awar takan zo farat ɗaya, da ƙarfi, tana cewa yanzu-yanzu, kuma takan rufe wa mutum ido daga abin da zai biyo baya. To, yaushe ne wannan sha'awa ta fi ƙarfi?

Na ɗaya, lokacin da kuɗi suka zo a dunƙule. Richard Thaler, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel kan tattalin arziki a 2017, ya nuna cewa mutane ba sa kallon kuɗi da ido ɗaya. Kuɗin da aka tara da kaɗan-kaɗan akan riƙe su da kyau, waɗanda suka faɗo gaba ɗaya kuwa akan ɗauke su kamar tsintuwa. Manomi yakan manta cewa kuɗin buhu goma ladan wahalar shekara ne, kuma su ne za su kai shi wata kakar.

Na biyu, halin da rai yake ciki. Mai farin ciki hannunsa a sake yake, wannan kowa ya sani. Abin mamaki shi ne mai baƙin ciki ma haka. A wani gwaji da Jennifer Lerner da abokan aikinta suka buga a 2008, an nuna wa wasu mutane fim mai sa baƙin ciki, wasu kuma fim da ba ya taɓa zuciya, sannan aka ce kowa ya taya wata gorar ruwa. Waɗanda ransu ya ɓaci sun taya fiye da ninki uku na tayin sauran. Saboda haka wanda ya fito gida bayan sa-in-sa da iyali, ya kula da aljihunsa.

Na uku, yunwa da gajiya. Mutum ya yi sammako, ya wuni a rana yana jiran dillali, cikinsa ba komai. In kuɗi suka shigo da la'asar, ƙanshin tsire da soyayyen kifi ne za su fara yi masa maraba, daga nan kuma hankali ya riga ya gaji da lissafi.

Na huɗu, kunya da ganin ido. Mai atamfa ya ce maka "Alhaji, ranka ya daɗe," ya warware turmi biyar a gabanka, sai ka ji nauyin tashi hannu rabbana. Mai tsire ya miƙo ɗanɗano, ka ci, sai ka ji kamar ka ɗauki bashi. Abokai suna tsaye, ba ka so a ce wane ya sayar da buhu ashirin amma ya kasa sayen hula. Iyayenmu mata kuma sun san yadda anko yake: an fitar, kowa ta yi, ke kaɗai za ki ƙi?

Abin da ke cikin kasuwa

Jama'a, zuciya ba ita kaɗai take aikin ba. Wurin ciniki ma akan tsara shi don ya taya ta. Bari in ba ku tarihi kaɗan daga Amurka, inda aka fi nazarin abin.

Da can, mai saye yakan tsaya a gaban kanta ya faɗi abin da yake so, yaron kanti ya ɗauko masa. A 1916 wani ɗan kasuwa mai suna Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis, inda mai saye zai shiga da kansa ya bi layi-layi yana ɗaukar kaya. Aka shirya hanyar yadda sai ya wuce ta gaban kowane kaya kafin ya fita. A 1937 kuma Sylvan Goldman ya kawo keken zuba kaya a kantunansa na Oklahoma, domin ya lura mutane sukan daina saye da zarar kwando ya yi musu nauyi. Da farko mutane suka ƙi keken, sai ya ɗauki hayar maza da mata suna tura shi a cikin kanti kamar masu saye, har sauran suka kwaikwaya. A 1982 Ronald Milliman ya gwada sa kiɗa mai taushi a wani babban kanti. Mutane suka rage sauri, ciniki ya ƙaru da kashi 38 cikin 100 a kan ranakun da aka sa kiɗa mai sauri.

Ba mu da irin waɗannan kantuna a ƙauye, amma dabarar ɗaya ce: ka gani, ka taɓa, ka daɗe. Dubi inda masu kayan ƙyale-ƙyale da masu tallan magani da lasifika suke kafa kayansu ranar kasuwa. Sau da yawa a bakin hanyar da mai sayar da hatsi ko dabba zai bi ne in ya karɓi kuɗinsa.

Akwai kuma dabarar "saura kaɗan". A 1975 Stephen Worchel da abokan aikinsa suka ba mutane biskit iri ɗaya, wasu daga kwalba mai guda goma, wasu daga kwalba mai guda biyu. Waɗanda aka ba daga mai guda biyu sun fi ganin darajarsa. Don haka in ka ji "wannan ne na ƙarshe" ko "gobe zai tashi", ka san ana tura ka ne ka yi sauri, kuma sauri ya haifi nawa.

Sai kuɗin farko da mai kaya ya ambata. Amos Tversky da Daniel Kahneman sun nuna a 1974 cewa lambar da mutum ya fara ji takan ja tunaninsa zuwa gare ta, ko da ba ta da tushe. Mai kaya ya ce N20,000, ka taya N10,000, ya ce albarka, daga baya ya sallama a N13,000. Ka tafi kana murna ka ci ribar N7,000, alhali ka kashe N13,000 ne a kan abin da ba ka fito nema ba. Araha ba ta ado.

Na ƙarshe shi ne sauƙin biya. Ƙirga takardun kuɗi a miƙa wa wani yana da zafi, kuma wannan zafin birki ne. A 2001 malaman jami'ar MIT, Drazen Prelec da Duncan Simester, suka yi gwanjon tikitin kallon ƙwallon kwando. Waɗanda aka ce za su biya da katin bashi na banki sun taya kusan ninki biyu na waɗanda za su biya tsaba. Mu ma abin ya iso mu. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, tura kuɗi ta waya da na'urar POS sun shiga kasuwannin ƙauye. Suna da amfani, sun rage tsoron 'yan sane, amma danna waya ba ya zafi. Haka ma dillaliya in ta shigo gida da kwanuka ta ce "ɗauki, kya biya a hankali." Ranar ɗauka ba a jin komai, sai ranar biya.

Darasi daga manoman Kenya

To, mene ne magani? Wani zai ce mutum ya daure kawai. Dauriya tana da kyau, amma mun ga yadda yunwa da kunya da gajiya suke karya ta. Ga abin da ya fi.

A gundumar Busia ta yammacin Kenya, manoman masara da yawa sukan ce za su sa taki, amma lokacin sa shi ya zo ba kuɗi. Esther Duflo da Michael Kremer, waɗanda suka sami lambar Nobel a 2019, tare da Jonathan Robinson, suka gwada wata dabara, suka buga sakamakon a 2011. Da an gama girbi, sai a je wa manomi har gida a ce ya biya kuɗin takinsa yanzu, a kan farashin kasuwa, za a kawo masa kyauta. Masu sa taki suka ƙaru sosai, kusan kamar yadda suka ƙaru da aka rage rabin kuɗin taki daga baya. Ba a ƙara wa manoman ko kwabo ba. An dai sa sun yanke shawara ne tun kuɗin ba su shiga kasuwa ba.

Wannan shi ne jigon jawabina. A yanke shawara a gida, lokacin da zuciya take a sanyaye, kada a bari sai an shiga tsakiyar kasuwa. Ga matakai shida.

Na ɗaya, ranar da kuɗin kaka suka shigo a raba su: na taki da iri, na makarantar yara, na magani, na hidimar gida. A sayi abin da za a iya saya tun yanzu a adana a busasshen wuri. Saura a sa a banki, ko adashe, ko asusu, ko a sayi tunkiya a ɗaure. Hatsin ci kuwa a bar shi a rumbu.

Na biyu, a rubuta abin da za a saya kafin a fita. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ɗansa ya rubuta masa. Maigida da uwargida su yi shawara tare.

Na uku, a ɗauki kuɗin abin da aka rubuta kawai, da ɗan ƙari na tsaraba da sha'awa. Ba a ce mutum ya hana kansa tsire ba, a dai yanka masa iyaka tun daga gida.

Na huɗu, a karya kumallo kafin a tafi, kuma kada a shiga kasuwa da fushi.

Na biyar, duk abin da ya burge ka wanda ba ya cikin takarda, ka bar shi sai kasuwa mai zuwa. In bayan kwana bakwai har yanzu kana bukatarsa, ka saya da kwanciyar hankali. Sau da yawa za ka tarar ka manta da shi.

Na shida, kafin ka taya, ka tambayi kuɗin kayan a wuri uku, ka tsayar da naka farashin a zuci. Cewa "sai na dawo" ba abin kunya ba ne.

'Yan'uwa 'yan kasuwa da ke nan, kada ku ga kamar da ku nake. Talla sana'a ce, kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma ku ma kun sani, manomin da ya sa taki ya sami amfani mai kyau, shi ne zai dawo muku baɗi da kuɗi a hannu. Wanda kuwa aka tatse da kaka, bashi zai zo nema da bazara.

Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, sun kuma ce rigakafi ya fi magani. Ina roƙon kowa, in ya koma gida yau, ya zauna da iyalinsa su raba kuɗin bana kafin ranar kasuwa ta zagayo. Wanda ya ji kuma ya faɗa wa wanda bai zo ba.

Allah ya sa albarka a abin da muka girbe, ya kai mu damina lafiya. Wassalamu alaikum.