Kiwon Fatar Ido: Jawabi Ga Matan Kagoro



Bikin Afan yana zuwa ran 1 ga Janairu, a tsakiyar hunturu, lokacin da fata ke bushewa, kowace mace kuma tana son ta fito fes. Shi ya sa 'yan tireda ke cika kasuwar Kafanchan da kwalaben man shafawa masu rubutun bitamin, wai suna kawar da baƙin ƙasan ido da tamoji. Kafin ku kwance bakin zani, ku saurara.

Fatar da ke kewaye da ido ita ce mafi siriri a jikin ɗan Adam, saboda haka ita ke fara nuna gajiya da shekaru. Baƙin ƙasan ido yana da dalilai da yawa: gado, rashin barci, yawan murza ido, hayaƙin murhu, zafin rana, da ƙarancin jini, musamman ga mai ciki da mai jego. Wadda jininta ya yi ƙasa, babu man da zai warkar da ita. Ta je asibiti a auna jinin.

Gaskiya ne waɗansu bitamin suna taimakon fata. Man da ke da bitamin A, wanda ake rubutawa retinol, yana rage ƙananan tamoji bayan watanni. Da dare ake shafa shi, kaɗan, nesa da bakin ido, kuma mai ciki kada ta taɓa shi. Bitamin C yana ɗan rage duhun tabo, bitamin E kuma yana tausasa fata. Babu ɗayansu da ke aiki cikin mako guda.

Abin tsoron shi ne, kwalabe da yawa sunan bitamin ne a waje, maganin bilicin a ciki. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta haramta sa zaiba da maganin siteroyid a man shafawa. Zaiba tana lalata ƙoda. Haidirokwinon kuwa, in aka daɗe ana shafawa, yakan bar baƙi a kunci da gefen ido, mai wuyar fita. An je neman ƙiba an samo rama ke nan. Duk kwalbar da ba ta da lambar hukumar, ku bar wa mai ita. Haka kuma kwalli na dutse yakan ƙunshi dalma, kada a sa wa jarirai.

Bitamin na gaske yana gonakinku. Man ja, gwanda, mangwaro, zogale, ƙwai da hanta suna ba da bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Lemo, gwaiba da tumatir suna ba da bitamin C, gyaɗa kuma bitamin E. In za ku sayi man girki, sukari ko fulawa, ku duba tambarin ido a jikinsu, alamar an ƙara musu bitamin A.

Da hunturu, man kaɗanya mai tsabta ya isa ya hana fata tsagewa. Ku sami barci, ku yi girki inda hayaƙi ke fita, ku sa malafa a gona. In ƙasan ido ya kumbura da safe, ƙafafu ma suka kumbura, ku garzaya babban asibitin Kafanchan, domin yana iya zama ciwon ƙoda.

Wadda ta ji, ta gaya wa wadda ba ta zo ba. Allah Ya ba mu lafiya, Ya kai mu Afan lafiya.