Yadda Constance Baker Motley Ta Hau Kujerar Alƙalanci



Yawancinmu aikin hukuma ke jiranmu, wasunmu ma sun riga sun kama. Don haka muka ga ya kyautu mu duba yadda ake naɗa alƙalin kotun tarayya a Amurka, ta kan labarin mace ɗaya.

A can, shugaban ƙasa ke ba da suna, Majalisar Dattawa ta amince. Wanda ya hau ya hau ke nan, sai mutuwa ko murabus, in ba tsige shi aka yi ba, kuma ba a rage masa albashi. Shi ya sa 'yan siyasa ke kai ruwa rana tun kafin naɗi, domin bayan naɗi alƙali ya fi ƙarfinsu.

An haifi Constance a New Haven a 1921, 'yar baƙi daga tsibirin Nevis. Wani attajiri, Clarence Blakeslee, ya ji jawabinta a wani taro, ya ɗauki nauyin karatunta. Ta gama koyon aikin lauya a Jami'ar Kolombiya a 1946, ta yi aiki a ƙarƙashin Thurgood Marshall. Sau 10 ta tsaya gaban Kotun Ƙoli, ta ci 9. Ita ce lauyar James Meredith, baƙar fatan da ya shiga Jami'ar Misisipi a 1962.

To, a Janairun 1966 Shugaba Johnson ya ba da sunanta. Wa ke shugabancin kwamitin shari'a na majalisar? Sanata James Eastland, ɗan Misisipi ɗin nan! Ya danne takardar wata 7, ana jifanta da zargin kwaminisanci. Mu lura, ba iliminta aka taɓa ba, sunanta aka nemi ɓatawa. Sai a Agusta aka amince, ta zama baƙar mace ta farko a kotun tarayya, a gundumar kudancin New York.

A 1975 wata lauya ta kai ƙarar wani kamfanin lauyoyi kan nuna wa mata bambanci. Kamfanin ya nemi Motley ta janye, wai ita ma mace ce. Ta ƙi. Hujjarta ita ce, in jinsi ko launi na hana alƙali sauraron ƙara, babu alƙalin da zai saurari wannan, tun da kowannensu ko namiji ne ko mace.

Ta shugabanci kotun daga 1982 zuwa 1986, ta rasu a 2005 tana kan aiki.